Allon farashi a Hyderabad da kwandon Baba

Asabar ɗin da ta wuce na shiga kasuwar kayan gwari ta Mehdipatnam a nan Hyderabad ta ƙasar Indiya, wadda suke kira Rythu Bazar, wato kasuwar manoma da yaren Telugu. Na tsaya gaban wata dattijuwa mai tumatir, na taya kamar yadda muka saba. Ko albarka ba ta ce ba, sai ta nuna min wani allo da ke bakin ƙofa. A jikinsa an rubuta kuɗin kilo na tumatir, albasa, kuɓewa, gauta da barkono. Kowace safiya jami'in gwamnati ke zama da wakilan manoma su yanke farashin ranar, ya ɗara na sari, ya gaza na 'yan tebur a unguwa. Rumfar kyauta ce, sikelin ma na kasuwa ne, ita kuma tana da katin shaida mai hotonta da ke nuna a gonarta ta noma. Ta auna, na biya, ta ƙulle kuɗin a bakin mayafinta. Ba wanda ya zo karɓar la'ada. Tun 1999 gwamnatin Chandrababu Naidu, babban ministan jiha na wancan zamani, ta kafa waɗannan kasuwanni, lokacin Hyderabad na ƙarƙashin jihar Andhra Pradesh.

Abokin karatuna Ba'indiye ya tambaye ni, "Ku ba ku da irin wannan?" Wallahi sai da na ji zafi. Na ce masa a Kano muna da kasuwar 'Yankaba, muna da ta Kwanar Gafan, tumatirin da muke nomawa da ruwan madatsar Tiga har Legas yake ciyarwa. Gaskiya na faɗa, amma ban amsa tambayarsa ba.

Da daddare na kira Baba a ƙauyenmu, can wajen Kadawa. Na ce, "Baba, ya kasuwa?" Ya ce, "Bari kawai ɗan nan, kaya sun yi yawa." Dillali ya yanka wa kwando kuɗin da ya ga dama, rabin abin da aka tsinko kuma an yayyanka an shanya a ƙasa za a yi kauɗa. A daidai wannan lokacin wata mata a Kurna ko Hotoro tana sayen kashi ɗaya da tsada.

Ba na cewa na Indiya ba shi da aibi. Su kansu suna kukan 'yan kasuwa na shigowa da katin manoma. Dillalinmu ma ba shaiɗan ba ne, shi ke ba da bashin taki ranar da babu mai kallonka. Amma wanda ya ba ka bashi da kaka, shi ke riƙe da wuyanka da rani.

Ina laifin ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam su haɗa kai da jiha a ware fili a cikin birni, a yi rumfa mai inuwa da ruwan famfo, a ba da mota da asuba, a koma sikeli a bar kwando? Katin kuma kada a miƙa shi hannun kansila. A bar wa Sarkin Noma da mai unguwa, su suka san wanda ƙafarsa ke shiga taɓo.

Sai dai ko an yi kasuwar gobe, wa zai kai wa Baba kayan? Gwiwa ta fara ba shi matsala. Ƙanena yana tuƙa adaidaita a birni, ni ina nan ina karatu da kuɗin wannan tumatirin. Da ina gida, ni ke ɗora kwanduna a mota kafin a kira assalatu, hannuna duk warin ganyen tumatir, Inna ta miƙo min koko a kofin silba. Da za mu yi sallama a waya Baba ya ce kada in sa damuwa a raina, in dai kula da karatu. Tumatirin da na sayo wurin dattijuwar yana nan a leda, har yau ban yi miya da shi ba.