Man difaranshal ba na har abada ba ne

Masu tsofaffin motocin shiga daji da yawa sun ɗauka tunda man difaranshal (akwatin giyan da ke raba wa tayoyi juyi) ba ya ƙonewa kamar baƙin mai, ba sai an taɓa shi ba muddin ba ya ɗiga. Kuskure ne, musamman ga motar da ke tsallaka rafi.

A saman aksil, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyi biyu wanda difaranshal ke tsakiyarsa, akwai 'yar kafar da iska ke fita idan mai ya ɗau zafi. Ka sha doguwar tafiya, ƙarfe ya yi zafi, sai ka faɗa ruwan sanyi: iskar ciki ta takure, kafar ta zuƙo ruwa. Daga waje ba abin da za ka gani. Kwance notin cikawa, wato na ramin da ake zuba mai, ka tsoma yatsa. In man ya koma fari-fari kamar an zuba masa madara, to ruwa ya shiga, tsatsa na hanyar cin haƙoran giya.

Wajen juyewa, fara kwance notin cikawa kafin na ƙasa da ake tsiyaye mai ta cikinsa, kada ka zubar da mai sannan na saman ya ƙi kwantuwa. Yawanci man giya 80W-90 mai lambar GL-5 ake zubawa, har sai ya fara tsiyayowa ta bakin ramin.