Waƙar gicciye ta Bach ba abin kallo daga nesa ba ce

Duk shekara idan Ista ta matso, sai wata gardama ta taso tsakanin masu son kiɗan Bach a Turai da Amurka. Wasu na cewa waƙoƙinsa na shan wahalar Yesu Almasihu a bar su yadda aka saba: mawaƙa a jere kan dandamali cikin baƙaƙen kaya, kowa da takardarsa a hannu, masu sauraro can ƙasa a kan kujeru. Wasu kuma na cewa a sauko da mawaƙan, a watsa su cikin jama'a, su yi tafiya, su durƙusa, su riƙe juna, har mai sauraro ya ji shi ma yana cikin abin da ke faruwa. Ni ina tare da na biyun, amma da sharaɗi.

'Yan uwana Musulmi da ke bin wannan shafi, na san Suratun Nisa'i ta ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba, mu Kirista kuwa a kan gicciyen nan bangaskiyarmu ta tsaya. Ba jayayyar aƙida ta kawo ni ba. Maganata a kan yadda ake gabatar da waƙar ibada ce, kuma ina ganin duk wanda ya taɓa jin tsigar jikinsa ta tashi saboda murya mai ambaton Allah zai gane inda na dosa.

An haifi Johann Sebastian Bach a Eisenach da ke Jamus a 1685. A 1723 ya kama aiki a Leipzig, shi ne mai kula da kiɗan manyan majami'un garin, shi ne kuma malamin yaran makarantar Majami'ar Toma. Ranar Juma'a Mai Kyau ta 1724, wato Juma'ar da Kirista ke tunawa da gicciyen Yesu, ya gabatar da labarin gicciye bisa Bisharar Yohanna a Majami'ar Nikolai. A 1727 ya kawo wanda ya fi shi girma, bisa Bisharar Matiyu sura 26 da 27, a Majami'ar Toma. Wannan na biyun yana cin kusan awa uku. Ba a sayar da tikiti ba, ba wanda ya tafa. Sujadar yamma ce, an raba waƙar gida biyu, a tsakiya fasto ya hau mumbari ya yi wa'azi mai tsawo. Mutanen da ke zaune a wurin 'yan kasuwa ne, masu sana'ar hannu, dalibai, matan gari, kuma da yawa cikinsu sun taɓa binne 'ya'yansu. Bach kansa ya haifi 'ya'ya 20, rabinsu ba su kai girma ba.

Abin da masu cewa a bar al'ada ba sa son tunawa shi ne, al'adar da suke karewa ba ta Bach ba ce. Bayan rasuwarsa a 1750 waƙar Matiyu ta kwanta shekaru masu yawa, sai a ranar 11 ga Maris 1829 wani saurayi ɗan shekara 20, Felix Mendelssohn, ya farfaɗo da ita a Berlin. Ya yi babban aiki, Allah ya saka masa. Amma a zauren kiɗa ya yi, ba a majami'a ba, ya kuma yanke sassa da dama. Daga nan ne waƙar ta koma abin da ake shiga da tikiti, a zauna a saurara, a tafa, a tashi. A Holan ma ta zama al'adar ƙasa: tun 1899 madugun makaɗa Willem Mengelberg ya mayar da ita abin yi duk shekara a Amsterdam, tun 1922 kuma ake yin ta a babbar majami'ar garin Naarden, inda har ministoci kan je ranar Juma'a Mai Kyau. Ban raina wannan ba. Amma jeren mawaƙa a gaba da jeren masu kallo a baya tsari ne na ƙarni na 19.

Ku dubi yadda Bach ya gina abin da kansa. Ƙungiyar mawaƙa biyu ya sa, kowace da nata makaɗan. Da buɗewa, ta farko tana kira a zo a taya ta kuka, tana cewa ku duba, ta biyu tana amsawa da tambaya: wa? yaya? me? ina? A saman su duka muryoyin yara suna rera tsohuwar waƙar coci ta Ɗan Rago na Allah marar laifi. Wanda ya rubuta baitocin, Picander, ya tsara su ne a matsayin zance tsakanin ɓangare biyu. Sauti na fitowa daga nan, amsa na zuwa daga can, kai kuma kana tsakiya. Idan aka cusa duka a dandamali ɗaya, a nesa da kai taku hamsin, kiran da amsar sai su narke su zama ƙara ɗaya mai daɗi. Daɗin yana nan, amma tambayar ba ta iso ka ba.

Wurin da ya fi kama ni shi ne lokacin jibin ƙarshe. Yesu ya ce wa almajiransa ɗayansu zai bashe shi. Sai mawaƙa su ɓarke da tambaya, suna hawa kan juna cikin firgita: Ubangiji, ko ni ne? Sau 11 ake jin kalmar Ubangiji, daidai da almajirai goma sha ɗaya, domin Yahuza bai tambaya tare da su ba, nasa yana zuwa daga baya shi kaɗai. Kafin Yesu ya ba da amsa, Bach ya tsayar da labarin cak, ya saka waƙar coci wadda kowa a Leipzig ya haddace tun yana yaro, mai cewa ni ne, ni ya kamata a ɗaure hannu da ƙafa in biya. Wato amsar ba daga Urushalima ta fito ba, daga kan bencin majami'a ta fito. To yanzu ku kwatanta biyu. A ɗaya, mutum tamanin a can gaba suna rera wannan baiti suna kallon takarda. A ɗayan, matar da ke rera shi tana tsaye a gefen kafaɗarka, kana jin shaƙar numfashinta, wani namiji a bayanka yana riƙe da ƙasan muryar. Na taɓa zama a irin wannan a wata ƙaramar majami'a a Jamus, kuma abin da na ji ba nishaɗi ba ne. Kunya ce ta kama ni, irin ta mutumin da aka faɗi laifinsa a gabansa ba tare da an ambaci sunansa ba.

Shi ya sa nake girmama abin da mai shirya wasannin dandamali Peter Sellars ya yi da waƙar Matiyu tare da madugun makaɗa Simon Rattle da makaɗan Berlin a 2010. Zauren da suke kiɗa a ciki, wanda Hans Scharoun ya zana aka buɗe a 1963, dama makaɗa a tsakiya suke, jama'a na kewaye da su ta kowane gefe. Sellars ya sa mawaƙan rediyon Berlin suka haddace waƙar gaba ɗaya, suka ajiye takarda, hannuwansu da idanunsu suka samu 'yanci. Ba rawani, ba alkyabba, ba sojan Roma, ba gicciyen katako. Akwatuna ne kawai na itace marasa ado. Mai rera maganar Yesu, Christian Gerhaher, an ajiye shi can sama nesa da kowa, Mark Padmore kuma, mai ba da labarin, shi ne jikinsa ya ɗauki abin da yake faɗa. Wannan shawara ce ta mai hankali. Ba wanda ya yi shigar Almasihu ya ce ku kalle ni. Abin da kake gani shi ne mutane suna tuna wata mutuwa da ta shafe su, kuma tunawar tana karya su. Sellars kansa ya ƙi kiran aikin wasan kwaikwayo, ya fi danganta shi da addu'a. A 2014 sun kai shi New York, a wannan shekarar kuma suka yi na Yohanna. Kafin su, wani mai shirya wasanni Jonathan Miller ya yi irin wannan a Landan a 1993, mawaƙa cikin kayan gida, a zagaye, jama'a kewaye da su.

Akwai waƙar da ke biyo bayan musun Bitrus, bayan zakara ya yi cara ya fita yana kuka mai zafi. Murya ɗaya ce da goge ɗaya irin na Turawa, tana roƙon Allah ya ji tausayi saboda hawayenta. A tsarin da aka saba, mai gogen na zaune a kujerarsa, mai waƙar na tsaye can gefe. Idan aka tashe shi ya zo ya tsaya kusa da ita, sai ka ga abin da kunnenka ya daɗe yana ji: gogen yana faɗin abin da bakinta ya kasa ƙarasawa. Ba ƙari aka yi wa Bach ba, abin da ya rubuta ne aka bari ido ya gani.

Ga sharaɗin nawa. Masu adawa suna da hujja mai ƙarfi, kuma ba zan ɓoye ta ba. A takardar ɗaukar aikin da Bach ya sa wa hannu a 1723, hukumar garin Leipzig ta gindaya masa cewa kiɗan coci kada ya yi tsawo, kada kuma ya yi kama da wasan dandamali, sai dai ya ja masu sauraro zuwa ga ibada. Tsoronsu ba na banza ba ne. Yau akwai masu shirya irin wannan taro da suke ɗauka jawo mutum ciki yana nufin fitilu masu launi, hayaƙi, manyan allunan hoto, jini na roba. Waɗannan suna cika ido su bar zuciya a waje. Bach ya riga ya yi aikin da fitila ba za ta iya ba. Duk lokacin da Yesu ya yi magana a waƙar Matiyu, gogaye suna lulluɓe muryarsa da dogon sauti mai laushi. Sau ɗaya tak suka yi shiru: inda ya yi kira a kan gicciye, Eli, Eli, don me ka yashe ni. Wanda ya kunna jan haske a daidai wurin nan ya ɓata abin, domin hankalin mutane zai tafi ga hasken, ba za su lura da abin da aka janye ba. Ma'aunina ɗaya ne: in motsin ya sa na ƙara jin kalmomin, ya tsaya, in ya sa na manta da su ina kallon gwanintar mai shiryawa, a cire.

Idan ka je gidan makoki, ba ka tsayawa a bakin ƙofa kana yaba yadda ake kuka. Ka cire takalmi, ka hau tabarma, ka zauna da masu rashi. Waƙar ƙarshe ta Bach ma haka take faɗi, mun zauna da hawaye. Wanda ya shirya taron aikinsa ya shimfiɗa tabarmar ne kawai.

Akwai wani dalili mafi nauyi da ya sa nake son a sauko da mawaƙa cikin mutane. A cikin labarin akwai taron da ke ihun a saki Barabbas, a gicciye Yesu, har su ce jininsa a kanmu da 'ya'yanmu. Wannan aya an yi ƙarnuka ana amfani da ita a Turai wajen zaluntar Yahudawa, Martin Luther kansa, jagoran gyaran coci a Jamus, ya yi mummunan rubutu a kansu a 1543, kuma a Jamus ba wanda zai ce bai san inda irin wannan ƙiyayya ta kai ba. Idan masu ihun suna can nesa a kan dandamali, abu ne mai sauƙi ka ce ga su can, su ne suka yi. Amma idan ihun ya fashe daga layin da kake zaune, daga bakin mutanen da minti biyar da suka wuce suka rera maka waƙar tuba, babu sauran su can. Bach bai ware mawaƙan kirki daban da mawaƙan mugunta ba, baki ɗaya ne ke yin duka biyun. Mu da muka ga yadda taron jama'a ke rikiɗewa a garuruwanmu, maƙwabci ya ɗauki makami a kan maƙwabci da sunan addini, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan wannan.

Ko a lokacin korona abin ya nuna kansa. Ranar Juma'a Mai Kyau, 10 ga Afrilu 2020, majami'u a rufe, mutum uku suka tsaya kusa da kabarin Bach a Majami'ar Toma suka yi waƙar Yohanna: Benedikt Kristjánsson ɗan ƙasar Iceland ya rera kusan dukan muryoyin shi kaɗai, Elina Albach da Philipp Lamprecht suna masa kiɗa. Waƙoƙin cocin da ke ciki kuwa aka gayyaci masu kallo ta intanet su rera daga gidajensu. Mutum uku, ba ado, amma kowa an ba shi nasa kason.

Inda na fi jin an kai maƙura shi ne Manchester a 2016. Ƙungiyar Streetwise Opera, wadda ke aiki da mutanen da suka taɓa rasa matsuguni, ta haɗa kai da mawaƙan The Sixteen a wata tsohuwar kasuwa mai suna Campfield. An taƙaita waƙar Matiyu, an rera ta da Turanci, jama'a a tsaye suna bin labarin daga wuri zuwa wuri. Matsayin Yesu kuwa karɓa-karɓa aka yi tsakanin mutane da dama, maza da mata, waɗanda suka san kwanan titi da wulaƙancin masu wucewa. Muryoyinsu ba su kai na ƙwararru ba. Amma idan mutumin da aka taɓa tofa wa yawu a gaske ya tsaya a gabanka ana ba da labarin wanda aka tofa wa yawu, zancen gogewar murya ya koma baya. Wannan ya kuma taɓa abin da ke damuna game da manyan zaurukan kiɗa: kuɗin shiga kan tace irin mutanen da labarin ya fi magana a kansu.

Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba a aikin Manchester. Sun sa mai tsara kiɗa James MacMillan ya rubuta sabon rufewa a kan tashin Yesu daga matattu. Na fahimci dalilinsu, mutanen da suka sha wuya suna son a ƙare da bege, kuma ba ni da bakin hana su. Amma Bach ya tsaya ne a ƙarshen sura 27, an rufe kabari, an sa hatimi, an ajiye masu gadi. Bai manta da sura 28 ba, yana da kiɗan tashin Yesu daban na ranar Lahadi. Mutanen Leipzig sukan koma gida ranar Juma'a da nauyin a ƙirjinsu, su kwana biyu da shi, sannan su dawo coci. Wanda ya ɗauki wahalar shigar da ni cikin labarin har na ji ni ne Bitrus, ni ne cikin masu ihu, bai kamata ya yi gaggawar sauke mini nauyin kafin in kai ƙofar fita ba.