Me ke cikin jakarka in ka fita gida a Jos?

Kwanakin nan duk inda ka leƙa a TikTok da Facebook sai ka ci karo da irin hotunan nan: mutum ya zazzage aljihunsa a kan tebur, ya jera wuƙa mai naɗewa, tocila mai kashe ido, biron ƙarfe na fasa gilashi, igiya da aka saƙa kamar awarwaro, da jaka mai launin kakin soja. Daga Amurka abin ya taso, inda wasu har bindiga suke jerawa tun da dokarsu ta yarje musu. Yanzu ya iso mana. Ƙannenmu a Anguwar Rogo da Rikkos da Gangare suna ta odar irin kayan nan, in ka tambaya su ce maka zaman Jos sai da shiri.

Ban ga laifinsu ba a kan wannan magana. Wanda ya ga rikicin Jos na 2001, ya ga na 2008 da 2010, ba sai an yi masa wa'azin shiri ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Inda muka rabu da su shi ne a kan abin da ake kira shirin. Ni a ganina, cikin kayan da ake jerawa, wuƙar da kowa ya fi ɗoki ita ce mafi ƙarancin amfani, kuma ita ce mafi kusa da jefa mai ita cikin bala'i. Abubuwan da suke ceton rai kuwa, ba wanda yake ɗaukar hotonsu saboda ba su da ƙyalli.

Mu tuna ranar 20 ga Mayu, 2014. Bama-bamai biyu suka tashi a kasuwar Terminus, aka rasa mutum aƙalla 118. Na biyun ya tashi ne bayan jama'a sun taru suna ceton waɗanda na farko ya rutsa da su. Wace wuƙa ce za ta amfani mutum a wannan wuri? Abin da ake nema ranar shi ne hannun da ya iya tsaida jini, da ƙyalle mai tsabta, da mai hankalin da zai ce wa 'yan kallo su ja baya. Haka ranar 12 ga Yuli, 2024, da ginin makaranta ya rufta a Busa Buji, mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai. Mutanen unguwa ne suka fara isa, da hannu suka riƙa tono kafin manyan motoci su zo. Haka ambaliyar Rikkos ta Yulin 2012 da ta zo wa mutane cikin dare. A duk waɗannan, wanda ya fara kai ɗauki maƙwabci ne ko mai wucewa, kuma abin da ke hannunsa da abin da ke kansa su ne asibitin farko.

Saboda haka ni abin da nake sawa a gaba shi ne kayan tsaida jini. Idan babbar jijiya ta yanke, mutum na iya rasuwa cikin kamar minti 5. Daga Bauchi Road zuwa asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo, ko zuwa asibitin Jankwano, a cikin keke, ga cunkoso, kowa ya san minti 5 ba ta kai mutum. Bandeji biyu, audugar ɗaure ciwo, safar hannu ta roba, ƙaramin almakashi, filasta: duka za su shiga 'yar jakar da ba ta kai tafin hannu biyu ba, kuma kuɗinsu bai kai na wuƙar da ake yi wa oda ba. Aikin ma ba mai wuya ba ne. Ka ɗora ƙyalle a kan ciwon ka danne da ƙarfinka, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙe. In ya jiƙe ka ƙara wani a kai. In akwai ƙarfe ko gilashi da ya nutse a jiki, kada ka zare, ka danne gefe da gefensa. In hannu ne ko ƙafa, jini na tsartuwa ya ƙi tsayawa, sai a yi ɗauri a saman ciwon da kamar santimita 5 zuwa 7, ba a kan gwiwa ba, a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin da aka ɗaure, kuma kada a kwance sai a gaban likita. Akwai ɗamarar da aka ƙera don wannan aiki, ita ce ta fi. In babu, ɗankwali mai faɗi ko rawani da ɗan itacen murɗawa sun fi zaman kallo. Waya ko siririyar igiya kuwa yanka naman za su yi.

Kuma don Allah, jama'a, mu daina zuba ƙasa ko baƙin mai a ciwo. Mu daina shafa man goge baki da ɗanyen ƙwai a ƙuna. Ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta kwarara na minti 20, shi ke nan. Wanda ya suma kuma ba a ɗura masa ruwa a baki, yana iya sarƙewa ya tafi huhu. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, domin mutanenmu ba su rasa tausayi ba, da gudu suke zuwa, amma sau da yawa tausayin ne yake ƙarasa mara lafiya.

Bayan wannan sai tocila ta gaske, ba ta waya ba. A Oktoban 2024 Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta, kowa ya ga yadda waya ta koma ba ta da amfani. Cajin wayarka na kira ne, kada ka ƙarar da shi wajen haska hanya. Ka riƙe fawa bank mai caji da igiyarsa. Ka riƙe 'yan kuɗi a hannu, ƙananan canji, a wani aljihu daban. Wanda ya ga ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya san tiransifa na iya ƙin tafiya a daidai lokacin da rai ke hannun Allah. Sai usur, musamman ga mata da 'yan makaranta. Wanda gini ya danne, ko wadda aka tare a lungu, muryarta za ta dishe, amma usur ba ya dishewa.

Akwai kuma 'yar takarda, wadda ita ce ta fi komai araha. Ka rubuta sunanka, rukunin jininka, ciwon da kake fama da shi in akwai, suga ne ko asma ko sikila, da lambar mutum biyu na gida. Yau wayoyinmu duk a kulle suke, ga ƙwacen waya ya zama ruwan dare. Mutum nawa ne cikinmu ya haddace lambar matarsa ko ta yayansa? Ka ƙara da 112 ta kiran gaggawa da 122 ta jami'an kiyaye haɗurra. Mai shan magani kullum ya riƙe na kwana biyu a jikinsa, domin a garin nan dokar hana fita ta awa 24 tana iya samun ka a inda ba ka shirya kwana ba, kamar yadda aka gani a Agustan 2021 bayan kisan da aka yi wa matafiya a hanyar Rukuba.

Masu mota, tukunyar kashe gobarar nan ba don 'yan rodi sefti aka yi ta ba. Ku duba ko wa'adinta ya wuce. Mai sauka Hawan Kibo da daddare ba alamar tsayawa, ba tocila, ba safaya mai iska, shi ya san abin da ya ɗauko wa kansa da fasinjojinsa.

To, mu dawo kan wuƙa, don na san nan ne za a yi mini ca. Za a ce 'yan sara-suka fa? Za a ce ai su da makami suke yawo. Haka ne. Amma ƙanena, ka yi wa kanka adalci. Su ba sa zuwa ɗaya-ɗaya, ba sa sallama, galibi kuma a buge suke. Kafin ka kai hannu aljihu ka buɗe wuƙar, an riga an gama. In ma ka zaro, ka mayar da ƙwacen waya faɗan kisa, kuma sun fi ka sabawa da jini. Waya ana sayen wata. In akwai hanyar gudu ka gudu, ka yi ihu, ka nufi inda haske da mutane suke. Ba ragwanci ba ne.

Abin da ya fi damuna ma ba ranar harin ba ce, sauran ranakun ne. Wuƙar nan tana aljihunka ranar da mai keke ya hana ka canji, tana nan ranar musun ƙwallo a gidan kallo, tana nan ranar da wani ya zagi mahaifiyarka. Faɗan da zai ƙare da mari da ban haƙuri sai ya ƙare a makabarta da gidan yari. Manzon Allah (SAW) ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Ya kuma umarci mai wucewa ta kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani ciwo. Kuma nan Jos ce. Mun sani sarai yadda suka guda tsakanin yara biyu take rikiɗewa ta zama maganar addini kafin la'asar, a rufe Terminus, a tare Farin Gada, wanda bai ji ba bai gani ba ya rasa ransa.

Ga doka kuma. Kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 33, ya amince da kare kai, amma da ƙarfin da ya dace da barazanar kawai. Ku tuna manomin nan na Adamawa da ya kashe mutum, ya ce kare kansa ya yi, da wuƙar wanda ya kai masa harin ma. Ya shafe kusan shekara 10 a tsare, kuma a Maris 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da hukuncin kisa, bisa hujjar cewa da ya ƙwace wuƙar yana da damar gudu. Mutane da yawa sun ga ba a yi masa adalci ba, ni ma raina bai kwanta da hukuncin ba, amma haka kotu take kallon lamarin. Balle kai da za a ce daga gida ka fito da taka. Ko ba a kai ga haka ba, wane bayani za ka yi wa soja a shingen bincike in ya ciro wuƙa daga jaka mai launin kakinsa, alhali an hana farar hula sa kakin?

Ba ina magana ne a kan mutanen ƙauyukan Bokkos da Mangu da Barkin Ladi ba, manoma da makiyaya, waɗanda ake bi har gida cikin dare. Tasu matsalar ta fi ƙarfin abin aljihu, hakki ne a wuyan gwamnati, kuma ba zan zauna a cikin gari in koya musu yadda za su kwana ba. Da mu 'yan birni nake, masu fita kasuwa da makaranta da ofis.

Wani abin da ya kamata kowa ya sani: tun 2017 akwai dokar da ta wajabta wa asibitoci, na gwamnati da masu zaman kansu, su karɓi wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ta kuma kare wanda ya kawo shi daga tsangwama. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ma ta hana a ƙi duba mai buƙatar taimakon gaggawa. Tsoron kada a riƙe mutum ya sa da yawa suna tsayawa ɗaukar bidiyo maimakon ɗaukar mara lafiya.

Kayan nan duka ba sa aiki da kansu, sai an koya. Muna da Red Cross a Filato, muna da 'yan agajin Izala da na Jama'atu da na Fityanul Islam a kusan kowace unguwa. Ina roƙon limamanmu da masu unguwanni da shugabannin 'yan keke da na tasha su nemi waɗannan mutane su riƙa koyar da taimakon farko, ko da Asabar ɗaya ce a wata, a harabar masallaci ko makarantar Islamiyya, maza daban mata daban. 'Yan keke ya kamata a fara da su, domin a garin nan kusan duk wanda ya ji ciwo a titi su ne suke kai shi asibiti.