Zafin ɗakinka daga titi yake farawa

Shekaranjiya na sa hotunan abin da aka yi wa titinmu. Bishiyoyin da suka girme ni, an kwantar da su a wuni ɗaya don a faɗaɗa titi, a malale sauran da siminti a ajiye motoci. Yau kuma wani bawan Allah yana yi mini nasiha, wai in kuɗin wuta ya dame ni in rage kunna iyakwandishan. Wallahi maganar ta ƙona mini rai.

Ɗakina yamma yake kallo. Da, inuwa ce ke lulluɓe bangon tun daga ƙarfe biyu har rana ta faɗi. Yanzu ƙarfe goma na dare ka ɗora tafin hannu a bangon nan, sai ka ji shi kamar murhun da aka sauke wa tukunya. Na'urar da takan yi aiki ta huta, yanzu injinta na waje ba ya ko numfasawa. Ni ban sauya ɗaki ba, ban sauya na'ura ba. Titi aka sauya mini.

Kwalta da siminti suna wuni suna shan rana, da dare su amayar da ita. Bishiya kuwa bayan inuwa, ganyenta na fitar da danshi da ke sanyaya iska. Ita kuma na'ura ba ta kashe zafi, kwashe shi take yi daga ɗaki ta watsa a waje, har da ƙarin nata. Duk yadda iskar waje ta ƙara zafi, haka take ƙara wahala, haka mita ke ƙara gudu. Kai ka watsa wa maƙwabcinka, shi ya watsa maka. A birnin Finiks na Amurka, masu bincike sun nuna a 2014 cewa zafin da na'urorin nan ke fitarwa yana ƙara wa iskar dare fiye da digiri 1 a wasu unguwanni. Tun 1818 ma wani mai nazarin yanayi, Luke Howard, ya nuna cewa cikin Landan ya fi karkarar kewayenta ɗumi. Sama da shekara 200 ke nan, wanda ya zana titinmu ba shi da hujjar cewa bai sani ba.

Na san za a ce canjin yanayi ne. To canjin yanayin ne ya riƙe zarto? Wani zai ce in sayi sabuwar na'ura mai tsimin wuta. In na saya, a wace iskar za ta yi aiki? Masu cewa za a dasa wasu kuwa, su faɗa mini shekara nawa dashe ke yi kafin inuwarsa ta kai tagar bene.

Akwai biranen da suka ɗauki abin da gaske. Situtgat ta Jamus tana cikin kwari, don haka aka hana yin gine-ginen da za su tare hanyoyin da sanyin dare ke gangarowa daga tuddai. Medelin ta Kolombiya ta fara dasa hanyoyi 30 na bishiyoyi a 2016, zafi ya sauka da kusan digiri 2 a wuraren. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce na'urorin sanyaya ɗaki da fankoki na cin kusan kashi 10 cikin 100 na wutar duniya. Wani ɓangare na wannan wutar, kuskuren mai zana gari muke biya da ita duk wata. Ni ma da sauƙi, ina da abin kunnawa. Wanda fanka kaɗai gare shi, da jariri a ɗaki mai rufin kwano, shi ne yake tsaya mini a rai.

Af, tsuntsayen ma. Akwai wasu ƙanana da ke tashe ni kullum kafin gari ya waye, har nakan yi musu tsaki. Jiya da yamma na gan su jere a kan wayar lantarki, suna tashi suna kewaya gurbin babbar bishiyar suna dawowa. Wanda ya san irin bishiyar da ke saurin girma ba tare da saiwarta ta fasa gini ba, don Allah ya faɗa mini, akwai ɗan fili a bayan tagata.