Warfarin ba shi ne mai laifin ba

Tun da ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka fifita sababbin magungunan tsinka jini a kan warfarin, tsohon maganin tsinka jini, ga masu rikicewar bugun zuciya da ake kira atrial fibrillation, wata magana ta samu gindin zama a bakin wasu likitoci da masu tsara harkar lafiya: wai zamanin gwajin INR, wato awon saurin daskarewar jinin mai shan warfarin, ya wuce, a sauya wa kowa magani a huta. Wannan magana ta ishe ni, domin lalaci ne ake sa wa rigar ci gaba.

Mai wannan lalura haɗarinsa na shanyewar ɓarin jiki ya ninka na sauran mutane kusan sau biyar, saboda jini kan kwanta a ɗakin zuciya na sama ya yi guda, gudan ya wuce ƙwaƙwalwa. Warfarin na rage wannan haɗari da kusan kashi biyu cikin uku, amma bisa sharaɗin INR ya tsaya tsakanin 2 da 3. Idan ya sauka jini ya daskare, idan ya haura jini ya ɓalle. Shi ya sa ake lissafa yawan lokacin da majinyaci ya shafe cikin wannan zango, kuma ƙa'idar Turai ta ce a wuce kashi 70 cikin 100. A binciken ACTIVE W, asibitocin da suka gaza kai kusan kashi 65 warfarin bai tsinana wa majinyatansu abin da ya fi haɗin aspirin da clopidogrel ba. Maganin iri ɗaya ne, masu kula da shi ne suka bambanta.

Za a ce sababbin sun fi rage zubar jini a ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai a tuna cewa a gwajin ROCKET AF na 2011, wanda ya buɗe wa rivaroxaban, ɗaya daga cikin sababbin, kasuwa a wannan lalura, masu shan warfarin sun yi kashi 55 ne kacal cikin zangon da ake so. Tsere da gurgun doki bai kai a yi ta guɗa ba.

Sannan akwai waɗanda sabon maganin ba nasu ba ne sam, kuma su ake mancewa da su in an tashi rufe ɗakin gwaji. Mai bawul ɗin ƙarfe a zuciya, warfarin ne kaɗai nasa. Da aka gwada dabigatran, wani daga cikin sababbin, a kansu sai da aka dakatar da binciken saboda daskarewa da zubar jini duk sun ƙaru. Masu ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaron ƙuruciya, waɗanda galibinsu talakawa ne kuma masu ƙananan shekaru, binciken INVICTUS na 2022 a kan mutum sama da 4,500 ya nuna mace-mace sun fi yawa a ɓangaren rivaroxaban. A 2023 kuma binciken FRAIL-AF a Holan ya sauya wa tsofaffi masu rauni, 'yan shekara 75 zuwa sama, magani daga tsohon nau'i zuwa sabo ba tare da wani dalili na lafiya ba, zubar jini ya ƙaru da kusan kashi 69 cikin 100.

Ni a ganina, zuwa gwajin nan da ake raina shi ne rabin maganin. Nan ne ake gano an ba mutum wani magani kamar metronidazole ko amiodarone INR ya yi sama, ko ya fara rifampicin ya faɗi ƙasa, ko ya daina sha gaba ɗaya. Sabon maganin kuwa ƙarfinsa kan ragu da rabi cikin kimanin awa 12. Ka tsallake kwana ɗaya kariya ta kusa ƙarewa, kuma ba wanda zai sani tun da ba a aunawa. Ga ƙoda da dole a riƙa dubawa, ga likitocin da ke rage ƙwayar saboda tsoro kawai.

Idan INR ya ƙi daidaita, nan da nan sai a ce majinyaci ne ba ya jin magana. Wa ya kira shi da sakamakon ya fito? Wa ya gyara masa awon maganin a ranar? A ba ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magani ragamar bibiya, a samar da na'urar gwajin ɗan yatsa, sannan kowane asibiti ya fito da alƙaluman majinyatansa a fili duk shekara mu ga nawa ne suka kai kashi 70.