Biyan kuɗi da waya a shagunan Sakkwato: a fara tambayar mai shago

Duk wanda ya tsaya minti goma a gaban shagon kayan masarufi a Babbar Kasuwar Sakkwato zai ji tambaya guda ana ta maimaita ta: "Alhaji, sun shiga?" Mai saye yana miƙo fuskar wayarsa, shi kuwa mai shago ko kallonta ba ya yi, idonsa na kan tasa wayar yana dakon alat, yaronsa kuma ya dafa ledar kayan bai sake ta ba. A ganina, duk wata muhawara kan hanyar da ta fi dacewa a biya kuɗi da waya, daga wannan jiran ya kamata ta taso.

Taransifa ce ke riƙe da kasuwarmu a yau. Tsarin tura kuɗi nan take na NIBSS, cibiyar da ke sada kuɗi tsakanin bankunan Najeriya, ya fara aiki tun 2011, amma sai da ƙarancin takardun naira ya ƙuntata wa jama'a a farkon 2023 sannan mai nama da mai albasa suka rubuta lambar asusu a kwali suka rataya. Ba ta buƙatar komai daga mai shago illa asusu, shi ya sa ta karɓu, musamman bayan shigowar OPay da Moniepoint. Aibinta kuwa kowa ya sani: lambobi goma da ake shigarwa cikin hayaniya, kuskuren lamba ɗaya ya kai kuɗi wani wuri, ga netwok da kan riƙe kuɗi a hanya, ga kuma masu alat na bogi waɗanda suka sa ɗan kasuwa ke zargin mutumin kirki.

Akwai masu ganin mafita ita ce a kara waya a jikin na'ura kawai, irin tsarin Apple Pay da aka fara a Amurka a 2014. Saurinsa ba abin musu ba ne, kuma Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojinsa a 2023, inda ya sa iyakar naira 15,000 a ciniki ɗaya da 50,000 a rana ba tare da ƙarin tantancewa ba. Sai dai yana buƙatar waya mai NFC, wato fasahar da ke haɗa waya da na'ura idan an kara su, da na'urar da ta dace, kuma buhun shinkafa ɗaya ya zarce wannan iyakar. Zai yi amfani a manyan kantuna da gidajen mai, amma ban ga ranar da zai isa rumfar mai tumatir ba.

Ni lambar QR na fi karkata gare ta. Da ita Alipay da WeChat Pay suka mamaye kasuwannin Sin, domin abin da mai shago ke buƙata bai wuce takarda ɗaya da zai liƙa a bango ba; mai saye ya haska ta da kyamarar waya, sunan shagon ya fito, batun kuskuren lamba ya kau. NIBSS ta ƙaddamar da NQR, wato nata tsarin biyan kuɗi da lambar QR, a watan Maris na 2021, amma har yau da wuya ka ga wanda ke amfani da ita a Tsohuwar Kasuwa ko Kara, a ganina saboda ba a zauna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa an nuna musu amfaninta da harshensu ba.

Ita ma QR ɗin ba za ta wadatar ba muddin mai shago zai ci gaba da laluben waya yana neman shaida. A Indiya, kamfanin Paytm ya samar da ɗan akwati mai lasifika wanda ke faɗin adadin kuɗin da ya shiga da babbar murya. Ina roƙon bankuna da kamfanonin da ke cin riba da cinikinmu su kawo irinsa mai magana da Hausa, ta yadda dattijon da bai iya karanta saƙon banki ba zai ji da kunnensa an ce dubu bakwai sun shiga, ya ce wa yaronsa ya miƙa kaya.