Shekara 19 a kan sitiyari, wai ya koma yaron mota

Ranar Litinin da hantsi, a wani garejin manyan motoci da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Ngaundere ta Kamaru, aka ci mutuncin wani dattijo a gaban jama'a. Direban bas ne, shekararsa 19 yana jan mai kujera saba'in tsakanin Ngaundere, Garwa da Marwa, bai taɓa kifar da mota ba. Abin da ya kore shi daga bas kowa ya san shi: albashi sai ran da aka ga dama, barci a kan kujera, fasinja ya zage ka, mai ajans, wato kamfanin bas, ya zage ka, taya ta fashe a cire a kuɗinka. Perminsa, wato lasin tuƙi, D ne na ɗaukar mutane, bai ba shi ikon jan kaya ba. Sai ya sayar da ɗan filinsa ya yi C, na motar da ta haura kilo 3,500, ya ƙara da E saboda tirela. Ya zo da takardu cikakku a cikin leda.

Yaron da ke zaune a ofishin Alhaji mai motocin bai kai sa'an ɗan dattijon na biyu ba. Dattijo ya yi sallama, shiru. Ya sake yi, yaro na danna waya. Sai a ta uku ya ɗago ido.

"Ɗana, barka da aiki. Alhaji ne ya ce in kawo takarduna."

Ya miƙa da hannu biyu, yaro ya karɓa da hagu. Ya juya permin gaba da baya kamar mai duba kuɗin jabu.

"Kai ne mai bas ɗin nan?"

Ba "Baba", ba "Malam". Dattijo ya haɗiye, ya ce shi ne.

"To tsoho, nan ba mutane muke ɗauka ba. Kaya muke ɗauka, kuma kaya na da tsada."

Kun ji fa. Buhun siminti da katan ɗin taliya sun fi rai saba'in daraja. Wanda aka damƙa wa mata masu ciki da jarirai da mahajjata dare da rana, yau ba a yarda a damƙa masa sukari ba. Dattijo ya ce, cikin ladabi, a ba shi mota babu kaya a gwada shi a nan cikin fili, in ya kasa ya kama gabansa. Yaro ya yi dariya, ya ce gazuwal, wato man dizal, ba ruwan Benuwe ba ne. Sannan ya yanke hukunci: ya bi mota wata shida a matsayin motoboy, wato yaron mota, ba albashi sai kuɗin abinci, ya wanke taya, ya ɗaura tamfol, ya dafa shayi, "in Alhaji ya ga hankalinka sai a duba." Ya turo ledar da yatsa ɗaya, ta zame ta faɗi ƙasa. Mutum mai furfura ya durƙusa yana tsintar takardunsa, ana kallo, ba wanda ya ce uffan.

Motar da zai bi kuwa, makullinta na hannun ɗan ƙanwar Alhaji, wanda kowa a garejin ya san perminsa a ambulan ya iso har gida.

Kada wani ya ce ana nufin bas da tirela abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma mai bas da ya raina tirela zai sha mamaki. Tun daga haɗa kai da gangar jiki akwai aiki. Ka duba farantin kai yana da giris kuma bakinsa a buɗe yake, ka ja baya a hankali har ƙusar tirela ta faɗa ciki ka ji ƙas, ka sauko da tocila ka leƙa ka tabbatar makullin ya rufe a kanta. Sai ka sa giya ɗaya ka ɗan fizga gaba alhali birkin tirela na ɗaure. Bayan nan tiyon iska biyu, ja da ɗorawa, da wayar fitilu, sannan ka naɗe ƙafafun tsayuwa har sama. Wanda ya tsallake wannan ɗan fizgin shi ne za ka ga tirelarsa ta zare ta daki ƙasa da hanci tun bai fita ƙofar gareji ba.

Ja da baya ma sai an sake koyo, domin in kana son gindin tirela ya yi dama, hagu za ka fara murɗa sitiyari. A kwana kuma ƙafafun baya suna yanke ciki, in ba ka buɗe sosai ba ka kwashe mai babur ko rumfar mai shayi. Kuma tirelar da ba kaya ta fi mai kaya shu'umanci a kan jiƙaƙƙiyar kwalta: ka taka birki da ƙarfi, kai da ganga su naɗe kamar askar wanzami.

Sai lodi. Sikeli ba ruwansa da jimilla kawai, gatari-gatari yake aunawa: tan 13 a gatari guda, 21 a tagwaye, 27 a masu uku, 50 gaba ɗaya. Kana iya zama ƙasa da 50 a ci ka tara, don 'yan dako sun tula kayan a baya. Tanka da ba ta cika ba kuwa, man da ke ciki shi ke tunkuɗa ka gaba bayan ka riga ka tsaya.

Babbar jarrabawar ita ce Falez, gangaren da ke sauka daga tudun Adamawa zuwa Mbe. Nauyin da mai bas ya saba riƙewa bai kai rabin na tirela mai cikakken lodi ba. Tun kana sama za ka zaɓi ƙaramar giya, ka kunna birkin salansa, birkin ƙafa kuwa taka-saki, ba ka canja giya a tsakiyar gangare ko da uwarka ce ke kira. In ka kwanta a kan birki, ganguna su yi zafi su buɗe, fata ta ƙone, ka ji ƙauri, daga nan sai salati.

To amma a cikin duk wannan, mene ne dattijon nan bai riƙe rabinsa ba? Birkin iska ya san shi, ya san ba a tashi sai allurar ƙarfin iska ta kai wajen bar 8, ya san a zubar da ruwan tankin iska kowace asuba. Falez kuwa ya san kowace kwanarta kamar zauren gidansa. Abin da ya rage masa, mako uku ko huɗu kusa da gwani ya isa. Wata shidan nan bauta ce aka sa mata hular koyarwa, a samu ƙato na kyauta mai danne wa mota dutse.

Kuma me zai hana masu motoci yin haka, tunda gwamnati ta bar musu fili? A nuna mini inda talaka zai je a Arewa ya biya kuɗi daidai ƙarfinsa, a zaunar da shi a kan tirela ta gaske, a koya masa haɗawa da ja da baya. Yawancin makarantun tuƙin nan allo ne da alli da wata tsohuwar ƙaramar mota. Takarda ake sayarwa. Mai kuɗi ya saya ba tare da ya taɓa sitiyari ba, mai gaskiya ya bi layi, dukansu su fito da kati iri ɗaya, shi ya sa katin bai da ƙima a idon kowa. Ga aikin kansa ya yi kaɗan: kayan Chadi da ke tasowa daga Duwala, kashi 65 na motocin Chadi ne, 35 kacal na Kamaru. Direbobi sun yi wa motoci yawa, mai mota ya zama sarki, yaron ofishinsa ya zama waziri.

Wanda ya samu makullin ma me ya samu? Hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri, kilomita 205, tun da aka sace 'yan China goma masu aikin hanyar a Waza a watan Mayun 2014 aiki ya tsaya, aka shiga ƙaddamarwa da sake ƙaddamarwa, sifirin na karyewa, motoci na kwana a laka kafin su ga gadar Ngeli ta shiga Chadi. Litar gazuwal daga sefa 575 ta koma 720 a 2023, ta koma 828 a 2024, kuɗin hanyar direba kuwa kamar an binne shi. Daga ciki zai ba da ɗari biyar ɗin peyaj, wato harajin bin hanya, daga ciki zai sallami kowane shinge, mai kaki ya riƙe takardunka yana tambayar labarin iyali har sai ka gane karatun. Mu jama'a kuma muna tsaye muna kallon dattijo na tsintar takarda, kowa na tsoron kada Alhaji ya ji ya yi magana.

Dattijon dai ya karɓa, fili ya riga ya tafi, ga baki tara a gida. Jiya da asuba an gan shi kwance ƙarƙashin tirela yana zubar da ruwan tankin iska, ɗan ƙanwar Alhaji na cikin kai yana minshari, ƙafa a kan sitiyari. Sukari suka ɗauka zuwa Kusiri, kuma Falez na gabansu.